Na kai ƙarshen The Wheel of Time, ga abin da na gani

Shekara shida na yi ina bin wannan labari, tun ina ɗalibi har na fara koyarwa a nan Gusau. Littafi goma sha huɗu ne, kowanne da kauri kamar bulo. Na ƙarshen, A Memory of Light, wani abokina ne ya taho mini da shi daga Abuja, bangonsa duk ya sha hannu. Dare tara na yi a kansa cikin hunturun bana, ina ƙudundune a bargo, rabinsa da fitilar waya na karanta saboda an ɗauke wuta. Wanda bai karanta ba ya tsaya a nan, don zan fasa ƙwai.

Da fargaba na buɗe shi. Robert Jordan, Ba'amurken da ya fara labarin a 1990, ya rasu a 2007 bai ƙarasa ba. Matarsa Harriet McDougal, wadda dama ita ke tace masa rubutu, ta ɗauko Brandon Sanderson ya kammala daga bayanan da marigayin ya bari. Littafi ɗaya aka yi niyya, sai da ya zama uku, na ƙarshen ya fito a Janairun 2013. Rigar da tela biyu suka ɗinka ba ta rasa inda zare ya bambanta, kuma a bakin Mat, ɗaya daga cikin manyan jaruman labarin, na fi jin hakan. Barkwancinsa ya canza, kamar wani ne ya ari muryarsa.

Amma yaƙin, wallahi an yi yaƙi. Babi guda, wanda ake gwabzawar ƙarshe a cikinsa, ya kusa shafi 200. Nan ma ba manyan jarumai ne suka kama ni ba, Olver ne, yaron nan maraya. Ya maƙale a tsagin dutse, dodanni na miƙo farata suna yagar tufafinsa, ba shi da kowa, sai ya kafa ƙahon nan mai kiran matattun jarumai a baki ya busa. Da na ga wanda ya dawo daga cikin matattu ya tsaya a kansa, kife littafin na yi na fita tsakar gida. Sanyi na ratsa ni, na daɗe a tsaye kafin na iya komawa.

Padan Fain kuwa, mugun da aka yi ta jan mu da shi tun littafin farko, cikin 'yan shafuka aka gama da shi. Bai kamata ba.

Babban ƙorafina yana bayan yaƙin. Egwene ta mutu, yarinyar da muka taso da ita tun daga ƙauye har ta zama shugaba, wasu da dama ma sun tafi, amma ba a ba mu wurin zama mu yi kukansu ba. Mu nan Zamfara mun san rashi, mun san ba ranar jana'iza ya fi ciwo ba, sai an watse daga zaman makoki, an naɗe tabarmi, gida ya yi tsit. Wannan shirun nake nema a littafin, ban samu ba. Ko babi biyu aka ƙara da sun wadatar.

Abin da ya sanyaya mini rai shi ne shafukan rufewa, waɗanda Jordan ya rubuta da kansa kafin rasuwarsa. Rand, babban jarumin labarin, ya sulale ba tare da jama'a sun gane shi ba, ya kunna lofensa ba ashana, ya hau doki ya kama hanya. Sau uku na karanta wurin.

Kada kowa ya fara daga wannan littafi, ba zai fahimci komai ba. Na farkon yana hannun ƙanena yanzu, jiya ma ya turo mini saƙo yana tambayar ko Moiraine, matar da ta fitar da su Rand daga ƙauyensu, abin yarda ce. Na ce masa ya ci gaba da karatu.