Safar matse ƙafa ga mai juna biyu a tafiyar lokacin zafi: amfaninta da wahalarta

Duk macen da ta je awon ciki ta ce tana shirin doguwar tafiya a jirgin sama, da wuya ta fito ba a ambata mata safar matse ƙafa ba. Ni ma ungozoma ce ta ba ni shawarar in saya kafin wata tafiya da ta kama ni zuwa ƙasar waje a tsakiyar lokacin zafi, cikina yana cikin wata na shida. Wadda na saya mai tsayawa ƙasa da gwiwa ce, an rubuta mmHg 15 zuwa 20 a jikin kwalinta, wato matsakaicin matsi wanda ake samu a kantin magani ba tare da takardar likita ba. Na yi amfani da ita a jirgi da kuma bayan sauka, kuma ra'ayina a kan wuraren biyu ya sha bamban ƙwarai.

Ba za a iya yi wa safar adalci ba sai an fahimci matsalar da aka yi ta dominta. Jinin da ke jikin mai ciki yana ƙaruwa da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, yana kuma saurin daskarewa fiye da yadda ya saba, domin jiki yana shirin kare kansa daga zubar jini a lokacin haihuwa. Ga kuma mahaifa da ke danne manyan jijiyoyin da suke mayar da jini daga ƙafafu zuwa zuciya. Waɗannan abubuwa ne suka sa haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa yake ninkuwa sau huɗu zuwa biyar ga mai ciki idan aka kwatanta ta da macen da ba ta da shi, kuma ya fi aukuwa a ƙafar hagu. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna cewa zaman tafiya na awa huɗu ko fiye yana ninka wannan haɗari kusan sau biyu ga kowane matafiyi. Abin tsoron shi ne gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu. Ita safar an saƙa ta ne yadda za ta fi matsewa a idon sawu, matsin ya riƙa raguwa yayin da take hawa sama, ta haka take taimaka wa jini ya koma sama maimakon ya taru a ƙasa. Wannan ne bambancinta da safa ta yau da kullum wadda kawai ta yi wa mutum kaɗan.

A cikin jirgi ban ga abin da zan kushe mata ba. Na sauka takalmina yana shiga ƙafata kamar yadda ya shiga da safe, alhali kafin wannan tafiya ko zaman mota mai ɗan tsawo yakan bar mini idon sawu a kumbure. Nauyin nan da ake ji a sharaɓa bayan dogon zama ya ragu sosai, kuma da yake cikin jirgi akwai sanyi, ɗumin safar bai dame ni ba ko kaɗan. Sai dai ban danganta dukkan wannan ga safar ita kaɗai ba. Na nemi kujerar gefen hanya domin in riƙa tashi ina takawa, ina juya idon sawu ina zaune, ina kuma shan ruwa a kai a kai, domin iskar cikin jirgi busasshiya ce, danshinta yakan gaza kashi 20 cikin ɗari. Wadda ta sa safa sannan ta kwana a kujera daga tashi har sauka ta ɗora wa safar aikin da ya fi ƙarfinta.

Wahalar tana farawa ne bayan an fita daga filin jirgi. Zafi yana buɗa jijiyoyin da ke kusa da fata domin jiki ya fitar da ɗumi, wannan kuwa yana ƙara kumburin ƙafa, saboda haka lokacin da aka fi bukatar safar shi ne kuma lokacin da ta fi wuyar sawa. Tawa an yi ta ne da zaren nailan da roba zalla, ba ta shan gumi, kuma da rana ta take sai in ji ƙafata kamar an naɗe ta a leda. Bayan yini guda a waje ƙananan ƙurajen zafi suka feso mini a bayan gwiwa, daidai inda bakin safar yake zama. Ina ganin wannan babban aibi ne a kayan da ake tallatawa ga matafiya masu ciki, domin masu yin ta sun san cewa mai ciki ta riga ta fi kowa jin zafi, kuma akwai ƙasashe da yawa da zafinsu yake haura digiri 40 a watannin Yuni zuwa Agusta. Babu ko kalma ɗaya a kwalin game da yanayin zafi. Daga baya na samu wata mai gaurayen auduga, mai buɗaɗɗen baki wajen yatsu, kuma bambancin a bayyane yake: yatsu suna shan iska, ana iya sa ta da buɗaɗɗen takalmi, fata kuma ba ta jiƙewa da gumi kamar da. Da ita zan ba da shawarar a fara.

Abin da ya daidaita mini al'amarin shi ne na daina ɗaukar safar a matsayin abin da dole a yini da shi. Ina sa ta da sassafe kafin ƙafa ta fara kumbura, in yi fitata kafin rana ta yi ƙarfi, in koma masauki da tsakar rana in cire ta, in kwanta ta gefen hagu in ɗora ƙafafu a kan matashi. Kiyaye kai daga zafin rana ya fi muhimmanci a kan kumburin ƙafa, domin zafin jiki da ya haura digiri 39, musamman a watanni ukun farko, yana iya cutar da abin da ke ciki, kuma ƙarancin ruwa a jiki yana kawo jiri da murɗawar mara. Idan fitsari ya fara yin duhu, to ruwan da ake sha bai isa ba, ko da ba a jin ƙishirwa.

Batun girma kuwa nan ne mata da yawa suke asarar kuɗinsu. Ba da lambar takalmi ake zaɓen wannan safa ba. Ana auna kewayen idon sawu da kewayen sharaɓa da tef, da safe, sannan a duba jadawalin da ke jikin kwali. Wadda ta yi yawa ba ta aikin komai, wadda ta yi kaɗan kuma tana shata a fata tana sa yatsu su yi sanyi. Kada a naɗe bakinta zuwa ƙasa idan ta yi tsawo, domin naɗin yana zama ɗauri mai tare jini, wato akasin abin da ake nema. Sanya ta ma aiki ne, musamman idan ciki ya girma har sunkuyawa ta yi wuya. Juya ta ciki waje zuwa diddige kafin a zura ƙafa yana sauƙaƙawa, amma akwai safiyar da sai an taimaka mini. Gara a tafi da guda biyu, domin tana bukatar wanki kullum a lokacin zafi, kuma a inuwa ake shanya ta don kada robar ta saki.

Akwai abin da nake so kowace mai saye ta riƙe da muhimmanci, wanda takardar cikin kwalin ta taɓa shi sama-sama kawai. Safar tana rage kumburin da aka saba gani a ciki, amma akwai kumburin da ba nata ba ne. Idan ƙafa ɗaya ce kaɗai ta kumbura, tana ciwo, ta yi ja ko ɗumi, ko kuma numfashi ya fara yin wuya ko ƙirji yana ciwo, asibiti za a nufa nan take, ko a wace ƙasa ake. Haka nan kumburin fuska da hannuwa da ya zo farat ɗaya tare da ciwon kai mai tsanani ko dishi-dishin gani bayan mako na 20, alama ce ta hawan jinin masu ciki wanda kan kai ga jijjiga. Mai ciwon suga da ya taɓa jijiyoyin ƙafa, ko mai matsalar gudanar jini zuwa ƙafafu, kada ta sa safar sai likita ya amince. Wadda kuma ta taɓa samun daskarewar jini a baya, safa kaɗai ba ta wadatar da ita, likita yakan rubuta mata allurar hefarin, mai hana jini daskarewa, kafin tafiya.

Tunda kamfanonin jirage da yawa suna neman takardar likita bayan mako na 28, kuma akasarinsu ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako na 36, ko na 32 idan tagwaye ne, ziyarar karɓar takardar dama ce ta sa a auna ƙafa a kuma tabbatar da matsin da ya dace. Idan wata tafiyar ta sake kama ni a irin wannan hali zan sake sayen safar, mai auduga da buɗaɗɗen yatsu, zan kuma gwada ta a gida na 'yan kwanaki kafin ranar tashi domin in ga yadda fatata za ta karɓe ta.