Dagona: a je da asuba, kuma a nemi ɗan gari

Duk mai son ganin tsuntsayen dausayin Haɗeja-Nguru da idonsa, ina ba shi shawarar ya shiga ta Dagona. Ƙaramin ƙauye ne a ƙaramar hukumar Bade ta jihar Yobe, ba nisa da Gashuwa, kuma tafkinsa na cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi. Mun je a tsakiyar hunturu, lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka don guje wa sanyin ƙasashensu, daga wajen Nuwamba zuwa Maris.

A Gashuwa muka kwana, muka kama hanya bayan sallar asuba. Daga an bar kwalta sai yashi, don haka a samu mota mai tsayi, a kuma riƙe ruwan sha da guzuri.

Abin da ya fi burge ni shi ne dattijon da ya yi mana jagora, masunci ne ɗan garin. Tun kafin mu hangi ruwa ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, a rage murya, kirinjijiya kunne gare ta." Na ce, "To, Baba." Muka laɓe a bayan kaba. Hazo bai gama washewa ba, sai ga su nan birjik a bakin ruwa suna ta fito, ga dinya, ga zalɓe tsaye a ƙafa ɗaya, ga ƙananan agwagin da suka taso tun daga Turai. Da suka tashi gaba ɗaya, ƙarar fukafukansu kamar saukar ruwan sama a kan kwano. Baba yana gane tsuntsu da kukansa kafin ya gan shi, ya kuma san inda laka ke riƙe ƙafa. Wallahi abin da muka ba shi bai kai wahalarsa ba.

Shi ne ya nuna mana kachalla, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun nan ta ragu. Wannan ya taɓa ni sosai, domin tafkin Dagona wuri ne da Yarima Philip na Ingila ya zo takanas ya gani a 1989, kuma a 2008 aka sa shi cikin jerin Ramsar, wato jerin muhimman wuraren dausayi na duniya.

Wanda zai je ya fara neman izini wurin ma'aikatan gandun, ya gaisa da mutanen gari yadda ya kamata. Ya taho da madubin hangen nesa, don kyamarar waya ba ta ɗauko tsuntsun da ke tsakiyar tafki. In rana ta ɗaga, yawancinsu sun watse kiwo, sai kuma da la'asar sakaliya.