Shagon da ke gyara akwatin wutar tsofaffin kwamfutoci a Maradi

Daga cikin shagunan gyaran kayan lantarki da ke kewayen Babbar Kasuwar Maradi akwai wani ɗan ƙarami wanda mai shi ya ƙware a aikin da yawancin masu gyara suke gudu, wato kwance akwatin wutar tsohuwar kwamfutar tebur, wanda yake karɓar wutar bango ya raba wa kayan ciki, a canza abin da ya lalace a ciki, maimakon a ce wa mai ita ya je ya nemi wata. Na kai masa tawa mai Pentium 4 da Windows XP, wadda ba zan iya rabuwa da ita ba, domin ita kaɗai ce take da tsohuwar kafar da injin yankan ledar rubutun alluna yake shiga, kuma manhajar injin a kan XP take aiki, duk da cewa Microsoft ya daina kula da shi tun watan Afrilu na 2014. Ta fara da mutuwa ana cikin aiki, daga bisani ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Bai taɓa babban allon cikin kwamfutar da sauran kayan suke haɗe a kai ba sai da ya ciro akwatin, ya haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan guntun ƙarfe a bakin filogin, wanda ita ce hanyar tayar da akwati irin na ATX, tsarin da Intel ya fito da shi a 1995, ba tare da kwamfutar ba. Fanka ta ɗan juya ta tsaya. Da ya kwance murfin bai yi gaggawar sa hannu ba, sai da ya sauke cajin manyan kondansata biyu na mashigar wuta, wato ƴan gwangwanayen da suke tara caji, waɗanda a haɗe suke iya riƙe sama da bolt 300 ko bayan an zare waya daga bango. Wannan natsuwar ita ta fara sa na amince da shi.

Ya juyo allon cikin akwatin wajen haske ya ce, "Alhaji, matso ka ga masu laifin." Ƙananan kondansata na mafitar wuta ne, kawunansu sun kumbura kamar ƙullin da ya kwana, ɗaya ma har ya tsage ya fitar da wani busasshen abu mai ruwan ƙasa. Dalilin sananne ne ga masu sana'ar: a cikinsu akwai ruwan sinadari da yake bushewa sannu a hankali, kuma duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage kusan rabin kwanansu. Wanda ya san zafin Maradi a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, ya kuma ga yadda ƙurar hunturu take toshe fanka, ba zai yi mamaki ba. Ga shi kuma kwamfutoci da yawa da aka ƙera tsakanin 1999 da 2007 sun fito da kondansata masu gurɓataccen sinadari, waɗanda suke kumbura tun ba su tsufa ba.

Ya sa sababbi masu jure digiri 105 a madadin masu 85, ya share fankar, sannan ya fara gwaji da ƙwan fitila da ya jona a kan wayar da ke kai wa akwatin wuta, domin idan da sauran matsala ƙwan ya ɗauke nauyin kada wani abu ya ƙone. Da ya auna, bolt 3.3 da 5 da 12 da akwatin yake fitarwa duk sun zauna daidai. Ya kuma nuna mini ɗan jan maɓallin nan na baya mai rubutun 115 da 230, ya ce kwamfutocin gwanjo da suke zuwa daga Amurka sau da yawa a kan 115 suke, kuma duk wanda ya jona su haka a wutarmu ta bolt 220, nan take akwatin wutarsu zai fashe.

Shagon yana da nasa raunin, kuma ya kamata a faɗa. Na yi jira fiye da yadda aka yi mini alkawari, saboda sai da aka aika Kano neman kondansata masu kyau. Ba a ba da rasit, abin da bai dace da aiki mai tsabta irin wannan ba. Na kuma lura yana ciro wasu kayan daga matattun alluna da ya tara, don haka mai kai gyara ya tambaya tun farko ko sabo za a sa masa ko na hannu.

Kuɗin da na biya bai kai na akwatin gwanjo ba, wanda shi ma ba a san yawan zafin da ya sha ba. Idan kuwa taransifomar ciki ce ta ƙone, ko wuta ta wuce ta illata babban allo, yana faɗa wa mutum gaskiya tun ranar farko, ya karɓi kuɗin dubawa kawai.