Wata bakwai da DRO a kan injin milin ɗina, ga abin da na gani

Jama'a sallama. Tun kwanaki 'yan uwa masu aikin ƙarfe suke tambayata wai wannan allon DRO da na ɗaura wa injin milin ɗina na sassaƙa da huda ƙarfe ya cancanci kuɗinsa ko dai gayu ne kawai, toh yau Lahadi ba aiki, ga ruwa an tsuge tun asuba layinmu nan Agege ya cika ba shiga ba fita, bari in zauna in faɗi abin da na gani da idona.

Ga wanda bai sani ba DRO wani ɗan allo ne mai lamba kamar kalkuleta, da sikeli biyu na gilashi da ake ɗaurawa a jikin teburin injin, ɗaya na hagu da dama wato X ɗaya na gaba da baya wato Y, duk inda ka motsa tebur zai nuna maka inda kake har zuwa 0.005 na milimita. Nawa ɗan Chana ne, ba zan kama sunan kamfani ba don kusan dukkansu kamar uwa ɗaya uba ɗaya suke, sunan ne kawai ake canzawa. Abin da ya ja ni na saya maɓalli ɗaya ne tak, wanda aka rubuta PCD a kai (PCD shi ne dayamitar da'irar da ramuka ke zaune a kanta), na raba ramukan bol a kan da'ira. Rabin aikin shagona kenan, filanji na bututu wato farantin da ake haɗa bututu biyu da shi da bol, farantin famfo, kofulin, masu tanka daga Apapa da Ijora kullum da abin da ya karye musu.

Yadda muka koya a wajen Baba a Ƙofar Ruwa can Kano, kamfas ne da ponci. Ka shafa shuɗi a ƙarfe ka zana da'ira ka fara takawa. In rami 6 ne ba wahala, buɗin kamfas ɗin da ka zana da'irar shi ne tazarar rami da rami, ka taka sau shida ka dawo gida. Amma rami 5 ko 7 sai dai ka yi ta takawa kana ragewa kana ƙarawa har ƙarfen ya cika da zane ka rasa wanne ne na gaskiya, kuma ko ka samu, ponci ya zame kaɗan diril ya bi shi, shikenan sai ɗaukar fayil ana faɗaɗa rami ana cewa ai zai shiga. Daga baya da na zo Legas na koyi yi da lissafi, kuma ba wani abin tsoro bane wallahi duk da ni ma a makaranta sin da cos ɗin nan gudunsu nake. Ka raba 360 gida adadin ramuka, ka samu kusurwa. Ka raba dayamita biyu. Wannan rabin ka ninka shi da cos na kusurwar ka samu X, ka ninka shi da sin ka samu Y. Iyakarta kenan.

Misali hob ɗin Camry inda ake ɗaura taya, rami 5 a kan da'ira mai dayamita milimita 114.3, wato inci huɗu da rabi. Rabinsa 57.15, kusurwa digiri 72. Rami na farko yana X 57.15 Y sifili. Na biyu X 17.66 Y 54.35. Na uku a digiri 144, X ya koma ragi 46.24, Y 33.59, sauran biyun lambobin nan ne dai sai Y ya zama ragi. Lissafin minti biyar ne da Casio ɗina. Inda gizo yake saƙar wajen murɗa hannun injin ne, nawa kowane juyi milimita 5 ne, daga 57.15 zuwa 17.66 juyi bakwai ne da 4.49, kana ƙirgawa wani ya shigo da sallama ka amsa, shikenan shida ka yi ko bakwai Allah masani. Ga injin tsoho, sukurunsa ya ci, in ka juya baya sai hannun ya yi wasa kafin tebur ya motsa, dole kullum ka riƙa zuwa ta gefe ɗaya.

Toh nan ne DRO ya biya ni. Shi ba ruwansa da wasan sukuru don tebur ɗin kansa yake aunawa. Ka nemo tsakiyar aikin ka sa sifili, ka danna PCD, ya tambaye ka dayamita, rami nawa, kusurwar farawa, kusurwar ƙarewa. Daga nan sai ya nuna maka rami na ɗaya, ka murɗa har X da Y su zama sifili ka kulle tebur ka huda, ka danna kibiya ya baka na biyu. Filanji mai rami 8 da nake ɓata kusan awa ɗaya akan zane da ƙirga yanzu kafin shayi ya huce na gama sa alama, kuma tunda aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 duk wanda yake aiki da janareta ya san minti ma kuɗi ne. Bol kuma yana shiga da hannu ba guduma, wani Alhaji mai tanka har cewa yayi Malam wannan ai kamar na kamfani.

Amma fa sati na biyu ya kunyata ni, ko in ce na kunyata kaina da taimakonsa. Filanji ne na bututu inci huɗu, irin wanda ake kira PN16, rami 8 na milimita 18 a kan da'ira mai dayamita 180. A ƙa'idar filanji ba a sa rami a kan layin tsakiya, layin yana bi ta tsakanin ramuka biyu ne, don haka farawa digiri 22.5. Na sa 22.5, da ya tambayi ƙarewa ni kuma a kaina ai da'ira 360 ce, na danna 360. Ashe shi nawa allon abin da yake nufi da ƙarewa shi ne inda rami na ƙarshe zai zauna, wato 337.5. Sai ya ɗauki daga 22.5 zuwa 360 ya raba gida bakwai, kowace tazara ta zama digiri 48 da ɗoriya maimakon 45, kuma bai yi ƙara ba bai yi komai ba, lambobi ne masu kyau yana bani ina bi kamar makaho da ɗan jagora. Sai da na huda huɗu a faranti mai kaurin milimita 20 yarona ya ce Oga anya kuwa, kamar ramukan nan sun yi nisa fa. Na harare shi tukuna sannan na ɗauko baniya, ma'aunin nan mai baki biyu.

Ga gwajin da ya kamata in yi tun farko. Tazarar rami da maƙwabcinsa, tsakiya zuwa tsakiya, ita ce dayamita sau sin na digiri 180 da aka raba gida adadin ramuka. Rami 8 lambar 0.3827 ce, sau dayamita 180 ya baka 68.88, in ka cire faɗin rami 18 naman ƙarfen da ke tsakaninsu ya zama 50.88. Baniya ta nuna min wajen 55.5. Ƙarfen da na je har Owode Onirin na sayo na sha go-sulo a titin Ikorodu, ya tafi. Littafin da ya zo da allon na duba daga baya, turanci ne amma kamar an zuba shi a injin markaɗe, layi ɗaya ne akan wannan maganar kuma ko malamin makaranta ba zai gane me ake nufi ba. Wanda ya ɗaura min ma bai faɗa min ba, ya karɓi kuɗinsa ya nuna min kunnawa da kashewa ya tafi. In zaka fara daga sifili ka ƙare a 360 yana raba shi daidai, shiyasa a satin farko ban ga matsala ba.

Tun ranar na rubuta lambobin nan da fenti a bango saitin injin. Rami 3 0.8660, rami 4 0.7071, rami 5 0.5878, rami 6 0.5, rami 8 0.3827. Yanzu doka ce a shagon, ana taɓa ƙarfe da senta diril kaɗan a rami biyu na farko, a auna, in ya yi daidai sannan a ci gaba. Kuma lambobin suna aiki ta baya, wanda shi ne abin da DRO ba zai taɓa yi maka ba. Mutum zai kawo maka tsohon abu ya ce irin wannan nake so, bai san PCD ɗinsa ba. In ramukan 4 ne ko 6 ko 8 ka auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke kallonsa a ɗaya ɓangaren. Rami 5 kuwa babu wanda ke kallon wani, sai ka auna maƙwabta biyu ka raba da 0.5878. Ka samu 67.2 toh 114.3 ne, ka samu 58.8 toh 100 ne, ka samu 65.8 wannan 112 ne na Marsandi, ka ga tsakaninsa da na Camry milimita ɗaya da ɗan kai ne kawai, in baniyarka ta 'yan tebur ce ta ci ka. Haka filanji inci huɗu, na Amurka kilas 150 shi ma rami 8 ne amma a kan 190.5, da ido iri ɗaya suke da PN16 sai an je wajen ɗaurawa a ji kunya. Af, masu kawo min rim wai in sake huda shi ya shiga wata motar, dan Allah ku daina, ba na yi, rai ne a kai.

Wani abu kuma kalkuletar da zaka yi gwajin da ita ka tabbata tana kan D wato digiri ba R wato radiyan ba. Yarona ya taɓa danne-danne ya mayar da ita radiyan, cos 72 maimakon 0.3090 ta bani ragi 0.967. Ka danna sin 30 kafin komai, in ba 0.5 ta baka ba gyara ta.

Sai maganar wuta. In NEPA ta ɗauke allon yana riƙe lambarsa ta ƙarshe, amma in wani ya taɓa hannun injin cikin duhu bai san an motsa ba, wuta na dawowa zai baka tsohuwar lamba alhali tebur ya gusa. Na sa masa ƙaramin UPS irin na kwamfuta, tun lokacin na huta, dama wutar jen ɗinmu tana sama tana ƙasa ba na so ta ƙona shi. Sikelin gilashin kuma baya son ruwan sanyaya diril da ɓurɓushin ƙarfe, ga danshin Legas, wata na huɗu na Y ya fara tsallen lamba ba gaira ba dalili, sai da na kwance na goge da sifirit na lanƙwasa masa murfi da falle na alminiyom. Da sun sako murfin kirki a kwalin da ba a kai ga haka ba.

In ka tambaye ni, mai injin milin da yake huda filanji ko sau uku ne a sati ya saya, zai mayar da kuɗinsa, in so samu ne ya nemi mai ɗaurawa da zai tsaya ya gwada PCD ɗin a gabansa da kusurwar da ba sifili ba. Wanda diril na tsaye kawai gare shi kar ya wahalar da kansa, babu teburin da za a ɗaura wa sikeli, kalkuleta da baniya mai kyau da ponci mai kaifi sun ishe shi. Ni dai bakwai cikin goma zan ba shi, ukun littafinsa ne da murfinsa suka cinye. Filanjin da na ɓata yana nan ban sayar wa 'yan gwangwan ba, da shi muke danne tamfol ɗin janareta in an fara iska.