Madubin awo marar gilashi ko mai ido biyu: wanne za a saya a Maradi?

Mai buɗe ɗakin awo a Maradi ko Madarunfa ya fara duba abin da za a riƙa kawo masa: jinin masu masassarar cizon sauro ne, ko fitsarin yara masu tsargiya? Daga nan zaɓi yake fitowa.

Madubi marar gilashi, irin wanda Aydogan Ozcan ya inganta a jami'ar UCLA ta Amurka, kayan cikinsa kaɗan ne: fitilar LED, ƴar ƙofa da haske ke bi, da farantin ɗaukar hoto irin na salula. Ana aza abin awo dab da farantin, tazarar ba ta kai milimita 1 ba, kwamfuta ta lissafa inuwar ta mai da ita hoto. A ɗauka guda yana kama fili murabba'in milimita 20 zuwa 30, kusan ninki 100 na abin da gilashin 40x (mai ƙara girma sau 40) na madubi mai ido biyu da aka saba ke nunawa. Ƙwan tsargiya ya haura maikiron 100 (maikiron 1,000 ne milimita 1), ga ƙayarsa a gindi. A tace fitsari mililita 10, ba zai ɓuya ba.

A jini kuwa labari ya sha bamban. Ƙwayar falsifarum, mai kawo masassarar cizon sauro, tana da siffar zobe, kuma maikiron 1 zuwa 2 ce, daidai da girman ɗigon hoto ɗaya na farantin kansa. Shafin jini mai kauri yana sa inuwa ta hau kan inuwa, lissafi ya rikice, fitila mai launi ɗaya kuma ba ta fitar da rinin Giemsa, wanda ake rina jini da shi don ƙwayar ta fito. Nan sai mai ido biyu, kamar Olympus CX23, da gilashin 100x da ɗigon mai. Da damina, lokacin da gadaje ke cika da yara, shi ne jakin aiki. TDR, wato gwajin gaggawa na ɗigon jini da ke nuna sakamako da layi, na da sauri, amma ba ya ƙirga ƙwayoyi, kuma layinsa kan ci gaba da fitowa makonni bayan an sha magani.

Mai kuɗin na'ura ɗaya ya ɗauki mai ido biyu, mai batir saboda ɗaukewar wuta. Marar gilashi ƙari ne, galibinsu ma ba su bar ɗakin bincike ba. In dillali ya kawo, a nemi takardar gwajinsa a kan marasa lafiya, a tambaya ko manhajar na aiki ba intanet. A duba murfin farantin da kyau: ƙurar hunturu in ta zauna kansa, zobba-zobba take fitowa a hoto, kwamfuta ta ƙirga ta cikin ƙwayoyi.