Ciwon jijiyar fuska: tiyata ko hasken Gamma Knife?

Masu fama da ciwon nan da ke fizgar kunci kamar lantarki suna yawan tambaya: idan maganin carbamazepine da ake sha don ciwon ya daina aiki, wanne za a bi?

A tiyatar da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Peter Jannetta ya yaɗa, ana buɗe ƙashin bayan kunne, a ɗaga jijiyar jinin da ke danne ta fuska, a sa ɗan Teflon, wani abu mai laushi kamar auduga, tsakaninsu. Yawanci mutum kan farka babu ciwo, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari suna lafiya bayan shekara 10. Sai dai aiki ne dab da ƙaramar ƙwaƙwalwa. Ba kasafai ba, amma jini kan zuba ko wurin ya kumbura, musamman idan aka toshe jijiyar da ke kwashe jini daga can, kuma hakan na iya kisa. Jin kunne ma kan taɓu.

Gamma Knife kuwa, wato haska jijiyar fuskar da hasken radiyeshin, babu yanka, ranar ake sallama. Sauƙi kan ɗauki makonni, fuska kan rasa jin taɓi, ciwon kuma ya fi dawowa.

Mai sauran ƙarfi, wanda hoton MRI ya nuna dannewar, tiyata ta fi dacewa da shi. Dattijo ko mai ciwon zuciya da maganin barcin tiyata zai wahalar, gara hasken.