Jakar koyon buɗe kwaɗo ba da makulli ba: abin da take koyarwa da inda ta gaza

Akwai wata 'yar jaka da ake sayarwa a kasuwannin intanet wadda kusan duk mai son sanin yadda kwaɗo yake aiki yake fara cin karo da ita. Sunan da ke jikinta yana sauyawa daga wannan mai sayarwa zuwa wancan, amma kayan da ke ciki kusan iri ɗaya ne: kwaɗo guda da aka yi gangar jikinsa da roba mai haske ta yadda ana ganin duk abin da ke ciki, da makullansa biyu, da siraran tsinkayen ƙarfe masu baki iri-iri da kan kai 15 zuwa 20, da wasu 'yan ƙarafa lanƙwasassu na murɗa zuciyar kwaɗon. Na sayi irin wannan jaka, na yi aiki da ita har na wuce matakinta, kuma hukuncin da na yanke mata shi ne cewa tana koyar da ido ƙwarai da gaske, amma abin da take koya wa hannu kaɗan ne, alhali wannan sha'awa kacokan ɗinta a kan hannu ta dogara.

Kwaɗon mai nuna ciki shi ne abu mafi daraja a jakar, kuma ko shi kaɗai aka sayar mini da ban ji an cuce ni ba. Irin kullen da ke cikinsa shi ne wanda Linus Yale ƙarami ya kyautata a Amurka, ya yi masa rajista a 1861 da 1865, kuma har yau shi ne a yawancin kwaɗunan shaguna da ƙofofin gidaje. A tsakiyar kwaɗon akwai wata 'yar ganga ta tagulla wadda makulli yake shiga cikinta, ita ce zuciyar. A samanta an jera ramuka, kowane rami da fil biyu, ɗaya a kan ɗaya, da sifirin da ke danna su ƙasa. Muddin fil na sama ya gitta tsakanin zuciyar da gangar jikin kwaɗon, zuciyar ba za ta juya ba. Aikin haƙoran makulli shi ne ɗaga kowane jeri daidai gwargwado, har mahaɗar fil biyun ta zo daidai bakin zuciyar, sai ta sami damar juyawa. Wannan bayani yana da wuyar shiga kai idan a rubuce aka karanta shi, amma da zarar mutum ya zura makulli a hankali yana kallon fil ɗin suna hawa suna sauka, ya gama fahimtarsa a zama ɗaya. Na nuna wa mutanen da suka shekara da shekaru suna rufe shago da kwaɗo, kowannensu kuwa sai ya karɓa ya maimaita da hannunsa.

Abin da ya sa ake iya buɗe irin wannan kulle da tsinke shi ne cewa babu injin da ke huda ramuka a kan layi ɗaya cif. Idan aka ɗan murɗa zuciyar da ƙarfen murɗawa, fil guda ne zai fara matsewa kafin sauran, shi ake lalubowa a ɗaga har ya zauna a gefen zuciyar, daga nan wani ya matse, a bi su ɗaya bayan ɗaya. A nan ne kwaɗon roba yake yaudarar mai koyo. Ramukansa suna da faɗi fiye da kima, robar tana da laushi, saƙon da ya kamata ya iso yatsu ta jikin tsinke yana dusashewa a hanya, kuma sau da yawa yakan buɗe da ɗan wasa da tsinke kawai ba tare da mutum ya san abin da ya yi ba. Ƙari a kan haka, tunda ana ganin ciki, ido yakan karɓe aikin gaba ɗaya. Ranar da mai koyo ya ɗauki kwaɗon ƙarfe na gaske, wanda ba ya nuna komai, sai ya tarar da cewa bai san bambancin fil da ya matse da wanda ke lilo a kan sifirinsa ba. Shawarata ita ce a yi amfani da shi har a gane tsarin, sannan a naɗe shi da tef ko a ajiye shi a koma kan ƙarfe.

Tsinkayen kuwa yawansu ya fi amfaninsu. A cikin duk tarin, waɗanda hannuna yake komawa gare su su ne gajeriyar ƙugiya ta ɗaga fil ɗaya-ɗaya, da mai baki mai kusurwa uku, da guda ɗaya mai tudu da kwari da ake gogawa gaba da baya. Sauran siffofi ne da aka ƙara don jakar ta yi kauri. Ƙarfen da aka yi nawa da shi yana da taushi, idan aka danna da ɗan ƙarfi yakan lanƙwashe ya ƙi komawa yadda yake, kuma gefunansa sun zo da kaifi da ƙaiƙayi saboda buga su aka yi da inji ba a goge ba. Wannan ƙaiƙayin yana kama jikin ramin makulli, yana ba yatsu saƙon ƙarya. Gyaransa mai sauƙi ne: a samo samfefa mai laushi a goge bakin da gefunan har su yi santsi, bambancin da za a ji yana da girma. Game da kauri, ma'aunin da aka saba shi ne inci 0.025, wato kusan milimita 0.6, wanda ya dace da kwaɗuna masu faffaɗan rami, amma kullen Turai masu matsattsen rami mai lanƙwasa suna buƙatar 0.018 ko 0.015, kuma babu ko ɗaya mai wannan siranta a jakar.

Inda jakar ta fi ba ni takaici shi ne ƙarafan murɗawa, domin su ne rabin aikin, amma su aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Duk waɗanda aka sako na ƙasan rami ne, suna cinye wurin da tsinke zai bi, kuma wasu suna zamewa saboda ba su cika ramin ba. Babu irin shimfiɗaɗɗen nan da ake sa wa a saman rami, wanda yake barin fili kuma yake isar da motsin zuciyar kwaɗo zuwa yatsa ba tare da ɓata shi ba. Masu wannan sha'awa da yawa sukan yi nasu da siririn ƙarfen da ke cikin tsohuwar robar share gilashin mota, kuma wanda na lanƙwasa da kaina ya fi duk na cikin jakar zama daram. Wanda yake da hali, ƙaramin saiti daga kamfanonin da suka shahara a wannan fanni, irin su Peterson da SouthOrd na Amurka, ko Sparrows na Kanada, ko Multipick na Jamus, mai ƙugiya biyu da ƙarafan murɗawa masu kauri daban-daban, zai fi yi masa amfani a kan tsinke ashirin marasa inganci.

Bayan kwaɗon roba, matakin da aka fi bi a ƙasashen waje shi ne Master Lock mai lamba 3, wanda fil huɗu gare shi kuma babu na tsaro a ciki, sannan a hau zuwa irin su Abus 55/40 da American Lock 1100, inda ake haɗuwa da fil masu siririn ƙugu ko masu tsaga-tsaga. Waɗannan fil an yi su ne don su ruɗi mai tsinke: zuciyar takan ɗan juya kamar za ta buɗe, sai ta tsaya, kuma dole a sassauta murɗi a bar ta ta ɗan koma baya kafin fil ɗin ya zauna. A wurinmu ba sai an yi odar komai ba a farko, domin ƙananan kwaɗunan tagulla da na baƙin ƙarfe da ke kasuwa suna da araha, kuma masu yanka makulli sukan tara tsofaffi waɗanda makullansu suka ɓace. Ya kamata dai mai saye ya sani cewa jakar ba ta da abin yi da kullen ƙofar ɗaki na tsohon yayi mai dogon makulli, wanda faranti ne a cikinsa ba fil ba, haka kuma ba ta taɓa kulle mai faya-fayai irin na Abloy, wanda Emil Henriksson ya ƙirƙira a Finland a 1907. Kowanne da kayan aikinsa daban.

Wasu masu sayarwa sukan rubuta a tallarsu cewa jakar mafari ce ga mai son koyon buɗe sef, wato akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi da takardu. Wannan magana ba ta da tushe, domin kullen sef mai lambobi ba shi da ramin da tsinke zai shiga. Abin da ake koyo da shi shi ne kullen sef na gaske da aka ɗaura a kan katako, kuma wanda aka fi farawa da shi shi ne Sargent and Greenleaf 6730. Na sami tsoho guda, kuma a ganina ya fi jakar cancantar kuɗinsa nesa ba kusa ba, ko da yake ya ninka ta tsada. Faifansa yana da lambobi 100, a bayansa akwai faya-fayai uku, kowanne da tsaga guda, kuma idan tsagogin uku suka jeru sai wani ɗan sandan ƙarfe ya faɗa ciki, sakata ta ja. A lissafi haɗin lambobi miliyan ɗaya ne, amma tunda kullen yana karɓar lambar da ta ɗan kauce wa ta gaskiya, waɗanda suka bambanta a aikace ba su kai haka ba ko kusa.

Hikimar buɗe shi ba ta da alaƙa da abin sauraren ƙirji da ake gani a finafinai. Faya-fayan uku ba su taɓa zama girma ɗaya cif ba, don haka sandan yana hutawa ne a kan wanda ya fi tudu, kamar a gitta tabarya a kan turame uku da tsayinsu ya ɗan bambanta. Idan tsagar wannan faifan ta zo ƙarƙashinsa, sandan yakan ɗan sauka, kuma wannan saukar tana bayyana a matsayin ƙaramin sauyi a wurare biyu da ake jin taɓawa a jikin faifan lambobi. Sauyin bai kai lamba guda ba, wani lokaci kashi ɗaya ne cikin takwas na lamba, shi ya sa aikin ya ƙunshi juyawa da karantawa da rubutawa a takardar giraf har hoto ya fito. Aiki ne na awanni, mai buƙatar haske mai kyau da natsuwa, kuma ina ƙaunarsa fiye da tsinke saboda duk abin da mutum ya ji yana iya auna shi ya rubuta. Ana cire murfin bayan kullen a ga abin da ke faruwa, a mayar a ci gaba a makance, wanda shi ne ainihin abin da kwaɗon roba ya kasa bayarwa. Akwai kuma ɗan makullin canza lambobi, sai a ba wani ya sa sababbi a sake farawa. Wannan kulle yana rukuni na 2 a ma'aunin UL 768 na Amurka, yayin da na rukuni na 1 aka gina su don su jure awa 20 a hannun ƙwararre, don haka kada mai koyo ya ɗauka kowane sef haka yake.

Babu takardar bayani mai amfani a jakar, kuma abin da ya fi damuna shi ne ba a ambaci ƙa'idojin nan biyu da ƙungiyoyin wannan wasa suke riƙe da su ba, irin su TOOOL da ta faro daga Holan da wata ƙungiyar Jamus da aka kafa a 1997. Ta farko, ba a taɓa kullen da ba na mutum ba sai da izinin mai shi. Ta biyu, ba a yin gwaji a kan kullen da ake amfani da shi, ko da na ƙofar gidan mutum ne, domin tsinke kan karye a ciki, sifirin kan lalace, a wayi gari makullin gaskiya ya ƙi buɗewa. Doka ma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: Japan ta hana riƙe irin waɗannan kaya ba da dalili ba tun 2003, a Ingila kuma laifi ne a fita da su da niyyar sata. Ni nawa ba sa barin teburin gida, kuma haka nake ba kowa shawara, musamman a inda ganin tsinke a aljihu kaɗai ya isa ya jawo zargi.

Masu cewa koyon wannan abu koyon ɓarna ne suna da dalilin damuwa, amma tarihin sana'ar ya nuna amfaninsa. A baje kolin Landan na 1851, Ba'amurke Alfred Charles Hobbs ya buɗe kullen Chubb, sannan ya buɗe na Bramah wanda ya shekara da shekaru a tagar shago da alkawarin ladan gini 200, wato kuɗin Ingila na da, ga duk wanda ya iya buɗe shi, bayan awa 51 na aiki cikin kwana 16, kuma wannan ya tilasta wa maƙeran Ingila sake duba ƙirarsu. Ni ma tun da na ga yadda kwaɗo mai araha yake saurin sallamawa na canza wanda ke ɗakin ajiyata.

Wanda yake son ya gane yadda kulle yake aiki, ko malamin da zai nuna wa ɗaliban fasaha, jakar ta ishe shi idan ya same ta da sauƙi. Wanda ya riga ya san zai daɗe a wannan sha'awa, gara ya sayi kwaɗon roba shi kaɗai, ya haɗa da ƙugiya mai kyau guda biyu da ƙarafan murɗawa na sama da na ƙasa, ragowar kuɗin kuma ya zuba su a kwaɗunan ƙarfe iri daban-daban.